Wai waye ke da ƙwallo a duniyar nan, FIFA ce ko gwamnati ko masu kulob?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sani su amsa min tsakani da Allah, a ajiye musun Arsenal da Man U tukuna. Wai ya tsarin shugabancin ƙwallo yake ne? Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a nan Najeriya gwamnatin jiha ce ke biyan albashin 'yan wasan kulob, ita ta gina filin, gwamnatin tarayya kuma ita ke fitar da kuɗin tafiyar Super Eagles, amma da minista ya ce uffan a kan NFF sai ka ji ai FIFA za ta dakatar da mu. A Ingila kuma na ji wai FA daban Firimiya daban. A Amurka an ce ko kai ka zo na ƙarshe a teburi ba inda za ka faɗa. To waye sama da wa, kuma waye ya ba FIFA wannan ikon?

MalamSani_PE:
Wa alaikumus salam Abba. Bari in fara daga sama. FIFA an kafa ta 1904 a Faris, hedikwatarta yanzu tana Zurich, mambobinta 211. Abin lura shi ne mambobin nan ba gwamnatoci ba ne, hukumomin ƙwallo ne, kowace ƙasa hukuma ɗaya. Tsakanin FIFA da ƙasashe akwai hukumomin nahiyoyi shida: UEFA ta Turai mai mambobi 55, CAF tamu mai 54, AFC ta Asiya, CONCACAF ta Arewacin Amurka da tsakiya da tsibiran Karibiyan, CONMEBOL ta Kudancin Amurka wadda ƙasashe 10 ne kacal, sai OFC ta su New Zealand da ƙananan tsibirai. Ƙasan wannan sai hukumar ƙasa irin NFF, sai FA ta jiha, sai lig, sai kulob. Ikon da kake tambaya kuwa ba wata dokar duniya ce ta ba ta ba, kai ne ka shiga ƙungiyarsu ka sa hannu ka yarda da tsarin mulkinsu, kuma a ciki an rubuta cewa kowace hukuma ta tafiyar da lamuranta ba da sa bakin wani daga waje ba. In ka ƙi, kofin duniya nasu ne, sai su ce ba da kai ba.

Ɗan_Gunners04:
Malam 211 kuma? Ai ƙasashen majalisar ɗinkin duniya 193 ne, ina aka samo sauran?

MalamSani_PE:
@Ɗan_Gunners04 Birtaniya kaɗai huɗu take da su, Ingila, Sikotilan, Wales, Ireland ta Arewa, don sun riga FIFA kafuwa. FA ta Ingila tun 1863 take. Sai ka ƙara irin su Hong Kong, Gibraltar, tsibiran Faroe, Falasɗinu, Kosovo, duk suna da kujera.

Baffa_Tudunwada:
Ku bar ni in ƙara abu ɗaya da yaran yanzu ba su sani ba. FIFA da girmanta ba ita kaɗai ke da ikon canja dokar wasa ba. Akwai wani kwamiti IFAB tun 1886, ƙuri'a 8 ne a ciki, FIFA na da 4, waɗancan huɗun na Birtaniya kowa ɗai-ɗai, kuma sai an samu 6 kafin doka ta canja. Wato duk rigimar taɓa ƙwallo da hannu da VAR da canjin 'yan wasa biyar daga ɗakin nan suke fitowa. Brazil mai kofin duniya 5 ba ta da ƙuri'a tata ta kanta a can, Wales na da ita. Ni wannan bai taɓa kwanta min ba.

Ummi_Madridista:
Tab, wlh ban taɓa jin wannan ba Baffa. To su Turkiyya da Isra'ila fa, ya aka yi suke buga na Turai?

Sadiq_Jos:
@Ummi_Madridista ba taswira ake bi ba sosai. Turkiyya dai tana da yanki a Turai. Isra'ila da a Asiya take, ƙasashen Larabawa suka ƙi buga wasa da ita aka fitar da ita, ta yi shekaru ba tsayayyen gida kafin ta zama cikakkiyar mamba a UEFA a 1994. Kazakhstan ta baro Asiya ta koma Turai a 2002, Ostireliya kuma ta bar OFC ta shiga Asiya a 2006 don ta gaji da cin ƙananan tsibirai sannan a ce sai ta buga wasan cike gurbi kafin ta je kofin duniya. Guyana da Suriname a Kudancin Amurka suke amma CONCACAF suke bugawa.

Abba_Fagge:
Na gode Malam Sani da Baffa, saman na gane. Saura batun FA da Firimiya, su waye ke da lig ɗin?

Engr_Bashir_Manchester:
Abba bari in gwada, tunda a nan nake zaune. Ka ɗauka FA sarkin kasuwa ce, Firimiya kuma ƙungiyar manyan dillalai ce da suka haɗa kansu suna sayar da hajarsu tare a cikin kasuwar. Kafin 1992 duk rukunan huɗu a ƙarƙashin Football League suke, kuɗin talabijin ana rabawa har ƙasa, sai manyan kulob suka ga su ake kallo amma kuɗin na tafiya wajen wasu, suka ɓalle suka yi kamfaninsu da yardar FA. Da 22 aka fara, 1995 aka rage zuwa 20. Yanzu kulob 20 ɗin nan su ne masu hannun jarin kamfanin, kowa ƙuri'a ɗaya, kuma doka ba ta wucewa sai 14 sun yarda, in ka faɗi ka miƙa hannun jarinka ga wanda ya hauro. FA na riƙe da tawagar ƙasa, kofin FA, horon ladabtarwa, da wani hannun jari na musamman da take iya hana wasu manyan canje-canje. Kuɗin talabijin na cikin gida rabi ana raba shi daidai wa daida, kwata bisa matsayinka a teburi, kwata bisa yawan wasanninka da aka haska. Shi ya sa na ƙarshe a Firimiya yake iya sayen ɗan wasan da zakaran wata ƙasar ba zai iya ba.
Ƙasa da su akwai Championship, League One, League Two, kowanne kulob 24, ka haɗa da 20 ɗin ka samu 92. Daga nan National League, a yi ta sauka har kulob ɗin unguwa da ke buga wasa mutum ɗari na kallo, kuma duk tsani ɗaya ne, a ƙa'ida kowa na iya hawa. Luton a 2014 suna rukuni na biyar, 2023 suna Firimiya.

Ɗan_Gunners04:
Suka kuma dawo da gudu ai.

Engr_Bashir_Manchester:
Sun dawo, amma sun je, wannan ƙofar ce mutanen nan ba sa wasa da ita. Ka tuna Afrilun 2021 da kulob 12 suka sanar da Super League, shida na Ingila, uku Sifaniya, uku Italiya, wai su ba za su taɓa fita daga gasar ba komai lalacewarsu? Magoya bayansu da kansu suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya watse.

Habu_Columbus:
To ni bari in kare na Amurka tunda Abba ya ambata, don kullum in an zo nan sai a ce ba lig ba ne. Lig ɗinsu MLS 1996 aka fara ta, bayan kofin duniya na 1994, kuma sun gina ta ne da tsoron abin da ya faru da tsohuwar lig ɗinsu ta zamanin Pele wadda ta ci kuɗi ta mutu. Sai suka yi tsarin kamfani ɗaya, lig ɗin ce ke riƙe da kwantiragin 'yan wasa, masu kulob kamar masu hannun jari ne a lig ɗin gaba ɗaya, akwai iyakar albashi, sai a 2007 saboda Beckham aka buɗe ƙofar ɗaukar wasu 'yan wasa kaɗan da albashinsu ya wuce iyakar, ta ƙofar nan Messi ya shigo. Ba hawa ba faɗuwa, in kana son shiga kuɗi za ka biya a ba ka gurbi, a 2025 San Diego ta shigo suka cika 30, uku daga ciki ma na Kanada ne. Amfanin shi ne mai kuɗi ba ya tsoron zuba jari ya gina fili, don ya san baɗi ma yana nan. Da wuya kulob ya mutu da bashi a bar ma'aikata a rana.

Sadiq_Jos:
Habu amma tsakani da Allah in kulob ɗinka ya tabbata ba zai shiga wasannin ƙarshe ba me kake kallo a watannin ƙarshe? A Ingila wasan na 17 da na 18 ya fi wasan na 8 da na 9 zafi. Kuma ace wanda ya fi kowa maki duk kaka ba shi ne zakara ba sai an sake buga sili ɗaya ƙwale, wannan ni ban gane masa ba.

Habu_Columbus:
Ana ba shi kambunsa daban, Supporters' Shield, amma eh MLS Cup aka fi ɗauka da girma. Haka wasanninsu suke duka, kwando da sauran, mutanensu da haka suka saba. Meziko ma ai ta dakatar da faɗuwa a 2020, kuma su zakara biyu suke fitarwa a shekara, Apertura da Clausura, kowanne da nasa wasannin ƙarshe.

Kawu_Iro:
Faɗuwa ita ce gishirin ƙwallo, ba ni da abin cewa bayan wannan. Mu da muka ga Pillars ta faɗi a 2022, wlh gari shiru ya yi, amma da ta dawo 2023 farin cikin ya fi na wasu kofunan. Sai Masu Gida.

Nura_Boca:
Kawu ai ko masu faɗuwar ba iri ɗaya suke yi ba. Ajantina sun daɗe suna lissafa matsakaicin makin kaka uku ne kafin a ce ka faɗi, mutane da yawa na ganin don a kare manyan kulob aka yi haka, kaka ɗaya mara kyau ba za ta kai ka ƙasa ba. Duk da haka River Plate ta faɗi a 2011 a hannun Belgrano. Brazil kuma farkon shekara gasar jihohi suke bugawa, Paulista a Sao Paulo, Carioca a Rio, ga kuma lig ɗin ƙasa mai kulob 20, huɗu su faɗi. Ɗan wasansu kafin shekara ta ƙare ya gama galabaita. Jamus 18 ne, biyu su faɗi kai tsaye, na 16 ya kara da na uku na rukuni na biyu gida da waje. Sikotilan bayan wasa 33 sai a raba teburin gida biyu, shidan sama su kara da juna na ƙasa ma haka.

Ummi_Madridista:
Tunda an zo kan waye mai kulob, mu dai Madrid ba ta da ubangida, ta mambobi ce, su ke zaɓen shugaba. Haka Barcelona da Athletic Bilbao da Osasuna. Shugaban Madrid Perez ba shi ke da ita ba ko da yake mutane na ɗauka haka.

Engr_Bashir_Manchester:
Haka ne Hajiya, sai dai sharuɗɗan tsayawa takarar a Madrid sun yi tsaurin da talaka ba zai ko leƙa ba, sai ka daɗe kana mamba kuma ka kawo lamunin banki mai kauri, shi ya sa sau da yawa ba ya samun abokin hamayya. Ni na Jamus ya fi burge ni, dokar 50+1, wato mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a komai kuɗin da ɗan kasuwa ya zuba. Bayern kashi 75 na mambobi ne, sauran Adidas da Audi da Allianz suka raba. An ware Leverkusen da Wolfsburg don asalinsu kulob ɗin ma'aikatan kamfani ne. Leipzig kuma ta bi ta bayan gida, ta taƙaita masu ƙuri'a zuwa mutane 'yan kaɗan na kusa da Red Bull, shi ya sa magoya bayan sauran kulob ba sa ƙaunarta.

Ɗan_Gunners04:
50+1 ɗin da Bayern ta ci lig 11 a jere? Na gode, a bar mu da namu.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni tambayar Abba ta farko nike so a koma mata, batun gwamnati. A nan Nijar in ka duba teburin lig ɗinmu me za ka gani? AS FAN ta soja, AS GNN ta garde nasiyonal, AS Douanes ta 'yan duwan, AS Police, USGN ta jandarma, Nigelec ta kamfanin wuta. Kulob ɗin jama'a irin Sahel da Olympic da sunka yi tashe da can yanzu da ƙyar suke gogayya da masu albashin gwamnati. Shugaban hukumar ƙwallonmu FENIFOOT kansa, Djibrilla Hima da ake ce ma Pele, babban hafsan soja ne, yana kan kujerar tun 2009, kuma a 2025 ya samu kujera a majalisar FIFA. To in duk wannan ba sa hannun gwamnati ba ne mine ne sunanshi?

MalamSani_PE:
Malam Issoufou ka taɓo wurin. A aikace FIFA ba ta hana gwamnati ba da kuɗi, ba ta hana ta mallakar kulob, ba ta ma hana jami'in gwamnati ya tsaya zaɓe ya ci. Fouzi Lekjaa na Maroko ministan kasafin kuɗi ne kuma shi ne shugaban hukumar ƙwallonsu. Abin da take hanawa shi ne a cire zaɓaɓɓun shugabanni a naɗa wasu, ko a kai rigimar ƙwallo kotun gari maimakon kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne. Namu ya faru sau biyu da kowa zai tuna. 2010 bayan kofin duniya na Afirka ta Kudu Jonathan ya ce ya janye Super Eagles shekara biyu, FIFA ta ba da wa'adi, cikin 'yan kwanaki ya janye maganar. 2014 bayan Brazil wata kotu a Jos ta dakatar da su shugaban NFF Aminu Maigari, minista ya naɗa mai riƙo, FIFA ta dakatar da Najeriya a watan Yuli sai da aka mayar da su aka ɗage. Chadi ta sha irin wannan a 2021, Kenya da Zimbabwe a 2022.

Alh_Garba_Kantinkwari:
To Malam ai nan ne zaluncin yake. Kuɗin talaka ne ake ba su, in an ce ku kawo lissafi sai su ɗaga waya su kira Zurich. Wane irin tsari ne mai ba da kuɗi ba shi da bakin tambaya? Kuma ita FIFA ɗin ai mun ga 2015 da 'yan sanda suka kwashe manyanta a otal a Zurich har shugabanta Blatter ya sauka. Ba kotun gari ce ta tona su ba? Da an bar su da kotunsu ta cikin gida da har yau ba mu ji komai ba.

Barr_Hauwa_K:
Alhaji bincike kan sata ko cin hanci ba a hana ba, laifi laifi ne, EFCC na iya gayyatar kowa. Matsalar tana zuwa ne in gwamnati ta ce ta rushe hukumar. Dubi Ghana a 2018 bayan binciken ɗan jarida Anas da ya nuna ana karɓar kuɗi, shugaban hukumar ƙwallonsu GFA Nyantakyi ya sauka, gwamnati ta so rushe GFA gaba ɗaya, ƙarshe zama aka yi da FIFA aka kafa kwamitin riƙo har aka yi zaɓe a 2019. Kuma ku tuna dalilin dokar, in ba ita duk gwamnan da aka ci kulob ɗinsa ko shugaban ƙasar da ya ji haushin sakamako sai ya kori kowa ya sa ɗan gidansa. Amma na yarda da kai a abu ɗaya, ba a auna kowa da mudu ɗaya. Birtaniya a 2025 ta yi doka ta kafa hukuma mai sa ido kan kuɗi da mallakar kulob, majalisarsu ce ta yi, UEFA ta rubuta wasiƙar gargaɗi, amma ba wanda ya dakatar da Ingila.

Mallam_Zango_Kumasi:
Gaskiya ne Barrister, lokacin nan lig ɗinmu tsayawa ya yi cak, yaran Zango da yawa da ƙwallo ce sana'arsu sun zauna ba wasa ba albashi sama da shekara. Manya suka ci kuɗi yara suka biya. Mu a nan manyan biyun ba na gwamnati ba ne, Kotoko tana ƙarƙashin Asantehene sarkin Ashanti, Hearts of Oak tun 1911 take.

Tsohon_Lamba6:
Ni ban cika magana a nan ba amma wannan ta shafe ni. Na buga wa wani kulob na gwamnatin jiha, ba zan faɗi suna ba. Aka canja gwamna, sabon ya zo ya sauke shugabannin kulob ya kawo nasa, mu 'yan wasa muka yi watanni ba albashi, kuɗin sa hannu kuwa har na bar ƙwallo ban gan shi ba. Za mu tafi wasan waje a mota kwana a hanya, wani lokacin mu ke haɗa kuɗin abinci. Ka kai ƙara ina? An ce kar ka je kotu za a hukunta ka, ka je kwamitin sasanci, ko sun yanke maka gaskiya wa zai tilasta wa gwamna ya biya? Ɗan wasan waje da muke tare da shi, shi ya rubuta wa FIFA aka biya shi don an yi barazanar hana kulob ɗin sayen 'yan wasa. Mu 'yan gida ba mu da wannan ƙofar. Don haka in ana cewa FIFA na kare ƙwallo daga gwamnati, shugabanni take karewa, ɗan wasan lig ɗin gida ba wanda ya kare shi.

Kawu_Iro:
Allah ya saka maka ɗana. Wannan ita ce gaskiyar da ba a son ji.

Baffa_Tudunwada:
Kuma ba haka aka faro ba. Lig ɗin ƙasa 1972 aka fara, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Akwai Leventis United, Abiola Babes, Iwuanyanwu Nationale, Ranchers Bees ta Kaduna, BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko da ta ɗauko wani kofin kulob-kulob na Afirka a 1990, na 'yan kasuwa ne da kamfanoni. Da masu kuɗin suka ga ba riba sai rigima suka zare hannu, gwamnoni suka gaje. Yanzu ne muke ganin ana ɗan dawowa, Remo Stars ta mutum ɗaya ce kuma ta ci lig a 2025.

Sadiq_Jos:
Kuma ko masu tafiyar da lig ɗin kullum cikin canja suna muke, LMC ta su Shehu Dikko ta yi wajen shekara goma, 2022 aka kawo kwamitin riƙo, yanzu hukumar NPFL. Tsarin dai a takarda irin na kowa ne, NPFL kulob 20 huɗu su faɗi, rukuni na biyu NNL, na uku NLO. Bambancin shi ne a Ingila kulob ke da lig ɗin, a nan kulob ɗin kansu ba su da kansu. Afirka ta Kudu tun 1996 suka yi lig ɗinsu PSL a hannun masu kulob, shi ya sa kuɗin talabijin ke shiga, duk da su ma suna da nasu abin kunyar, mutum ya sayi gurbin wani kulob ya kwashe shi zuwa wani gari ya canja masa suna.

Abba_Fagge:
To su waye ke zaɓen shugaban NFF ɗin? In mu masu kallo ba mu da ƙuri'a, 'yan wasa fa?

MalamSani_PE:
A zaɓen 2022 da Ibrahim Gusau ya ci a birnin Benin na jihar Edo, mafi yawan ƙuri'un na shugabannin FA na jihohi 36 da Abuja ne, lig-lig da 'yan wasa da masu horarwa da alƙalan wasa 'yan kaɗan suka samu. Haka abin yake hawa, jihohi su zaɓi na ƙasa, na ƙasashe su zaɓi na CAF da na FIFA, kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya, Najeriya ɗaya Seychelles ɗaya.

Oumarou_Garoua:
Wannan ƙuri'a ɗayar kar ku raina ta, ita ce kawai makamin Afirka. CAF a Khartum aka kafa ta 1957 da ƙasashe huɗu, Masar, Sudan, Habasha, Afirka ta Kudu. A 1966 Afirka ta ƙaurace wa kofin duniya don ba a ba ta gurbi ko ɗaya nata na kanta ba, 1970 aka ba da ɗaya Maroko ta je. Havelange ɗan Brazil da ƙuri'un Afirka ya kada Bature ya zama shugaban FIFA a 1974. Marigayi Issa Hayatou ɗan garinmu ya riƙe CAF daga 1988 zuwa 2017, a zamaninsa gurbinmu ya kai 5. A 2026 ƙasashe 48, Afirka 9 kai tsaye, Turai 16. Da kuɗi ake ƙirga ƙuri'a da har yau muna bakin ƙofa.

Alh_Garba_Kantinkwari:
Kuma ita dai wannan ƙuri'ar ake saye da kuɗin tallafi da kujerun kwamiti Malam Oumarou. Kudancin Amurka ƙasashe 10 gurbi 6, mu 54 gurbi 9, ka lissafa.

Nura_Boca:
Alhaji su sun ɗauki kofin sau 10 tsakanin Brazil da Ajantina da Uruguay, mu sai 2022 muka fara taka wasan kusa da na ƙarshe.

Zee_Falcons:
An yi ta magana ba wanda ya tuna mata. Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka na 10 a Maroko a 2025, amma wa ya san teburin lig ɗin matanmu NWFL a zauren nan? Ingila FA ce ta riƙe lig ɗin matansu ta raine shi har 2024 kafin ta miƙa wa kamfani mai zaman kansa na kulob ɗin. Wato wani lokacin sai hukuma ta fara ɗaukar nauyi tukuna, ba komai ake bar wa kasuwa ba.

Coach_Dini:
Ni mai ƙaramar akadami ne, abin da zan ce wa masu irin aikina shi ne tsanin nan da Malam Sani ya zana yana da amfani in ka shiga cikinsa. Dokar FIFA ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 na kuɗin na kulob ɗin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai in kulob ɗinka na da rijista da FA ta jiha kuma sunan yaron na cikin takarda a shekarun da ya yi wajenka. Da yawanmu muna horar da yaro shekara biyar a filin makaranta ba takarda ko ɗaya, wani ejan ya zo ya ɗauke shi ya rubuta shi a wata akadami ta Legas ko Abuja, in kuɗin ya fito can zai tafi.

Issoufou_Maradi:
Koci wannan maganar har mu ta shafa, yaranmu da yawa ta Najeriya suke bi.

Ɗan_Gunners04:
Wai ni Cardiff da Swansea da Wrexham ba Wales suke ba, ya suke buga na Ingila? Monaco ma ƙasa ce ai.

Sadiq_Jos:
Sun shiga tsarin Ingila tun kafin Wales ta yi lig ɗinta na ƙasa a 1992, suka ƙi komawa. Monaco ba mamba ba ce a FIFA, don haka kulob ɗin a ƙarƙashin Faransa yake. Liechtenstein mamba ce amma ba ta da lig, kulob ɗinta a Siwizalan suke bugawa. Ko kusa da mu, yaƙin Sudan ya sa Al-Hilal da Al-Merrikh sun je Muritaniya sun buga kakar 2024/25.

Abba_Fagge:
Na karanta duka har na Tsohon Lamba 6 sau biyu. Amma har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Saudiyya a 2023 asusun gwamnati ya karɓi kashi 75 na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli, kulob huɗu a lig ɗaya ubangida ɗaya, shi ne kuma mai Newcastle, PSG ta Qatar ce, duk ba a kira shi sa baki ba. Barrister in gwamnan jiha ya kori shugaban kulob ɗinsa da safe ya naɗa wani da yamma, wannan ma halal ne a dokar tasu?

Barr_Hauwa_K:
Halal ne Abba, don shi ne mai kulob ɗin, kamar yadda mai Chelsea zai kori nasa. Inda ya kamata a kama shi shi ne wajen lasisi, duk kaka kafin a fara sai kulob ya nuna ba a bin sa bashin albashi, in ana bin sa kar a ba shi lasisin buga gasa. Dokar tana nan a takardun CAF da na lig ɗinmu.

Tsohon_Lamba6:
Tana nan Hajiya, mu ma an karanta mana ita. Shekarar da nake ba ku labari da lasisinmu muka buga kakar har ƙarshe.

Coach_Dini:
@Issoufou_Maradi in yaron ya fara da ku a Maraɗi ku yi masa rijista da FENIFOOT tun kafin ya tsallako, ko da ɗan shekara 13 ne, ku ajiye kwafi. In ya zo nan sai sabon kulob ya nemi takardar canjin ƙasa, ta haka sunanku zai shiga tarihinsa.